Araha Ba Ta Ado? Kayan Kiɗa Masu Sauƙin Kuɗi da Ɗan Koyo



Tambayar da aka ɗora mana mu amsa a daren yau gajeriya ce: shin kayan kiɗa masu araha suna da ingancin da zai amfani ɗan koyo, ko kuwa sayensu zubar da kuɗi ne kawai? Mai yiwuwa wani ya ce wannan ba ta kai maganar da za a tara ɗaliban jami'a a kanta ba. To, amma a cikin zauren nan akwai masu matse bakin aljihu daga ɗan abin da ake aiko musu daga gida domin su sayi jita ko fiyano. Akwai waɗanda ba da jimawa ba za su tafi hidimar ƙasa a tura su koyarwa a makarantun karkara. Akwai kuma waɗanda za su zauna a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a kawo musu takardar sayen kayan badujala na makarantu su sa hannu. Dukkansu wannan magana ta shafe su.

Mafi ƙarancin albashi da aka zartar a ƙasar nan cikin 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin masu hidimar ƙasa kuwa ya koma naira 77,000 a 2025. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara tsada ƙwarai. Saboda haka kusan babu ɗan koyo a cikinmu da zai tunkari kaya masu tsada. Ko mun so ko mun ƙi, a layin masu araha muke. Abin da ya rage shi ne mu san wace araha ce ke da amfani, wace ce kuma ke cutarwa.

Mu da muka fito daga Kankiya da Kusada za mu yi magana ne da idon mutanen yankinmu. Kankiya tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, Kusada kuma tana gabas da ita, kusa da iyakar Jihar Kano. Yaron da ya ƙudurta sayen jita ko fiyano a garuruwan nan, galibi sai ya shiga mota zuwa Katsina ko Sabon Garin Kano, ko kuma ya ba direba saƙo. Idan abin ya sami matsala bayan mako biyu, kuɗin motar mayar da shi kaɗai ya isa ya sa ya haƙura. Wannan nisa shi ya sa kuskuren saye ya fi yi mana ciwo fiye da mazauna birni.

Kafin mu shiga maganar kayan waje, ya kamata mu waiwayi yadda kakanninmu suka warware wannan matsala, domin ba yau aka fara koyon kiɗa a ƙasar Katsina ba. A gidan makaɗa ba a miƙa wa yaro babbar ganga ko kalangun ubansa ranar farko. Da ƙananan kaya yake farawa, irin su kuntuku da kazagi, yana biye da manya yana riƙe musu kari har hannunsa ya faɗa, kunnensa ya buɗe. Yaran gari kuwa, waɗanda ba su gaji kiɗa ba, da gwangwani suke tashe cikin watan azumi, da karan dawa suke yin abin busa bayan girbi, 'yan mata kuma ga shantu da ƙwarya. Duk waɗannan kaya ne marasa tsada, amma kowannensu yana yin aikin da aka yi shi dominsa ba tare da ya yaudari mai koyo ba.

Manyan makaɗanmu ma ba da kaya masu tsada suka yi suna ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, nan kudu da mu, cikin 1923, ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da kalangu, watau icce da fata da tsarkiya, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kafin rasuwarsa a 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙore ta cika ƙasar Hausa da amada. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsarkiya ɗaya gare shi, kuma da gwangwanin kifi ake yin cikinsa a rufe shi da fatar akuya. Da wannan ɗan abu ya zaga ƙasashen duniya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga haka ba. Mdou Moctar, mai kaɗa jita daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi suna a Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsarkiya da wayoyin birkin keke. A tsibirin Jamaika kuma, cikin 1985, wani kari da kamfanin Casio ya sanya cikin ƙaramin fiyanonsa mai lamba MT-40, wanda aka ƙera domin masu wasa a gida, shi mawaƙi Wayne Smith da abokinsa Noel Davey suka ɗauka suka gina waƙar da ta sauya kiɗan ƙasar baki ɗaya. A nan kusa da mu, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, fiyano irin na Casio da Yamaha ne suka zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa a shekarun da suka biyo baya, alhali tun asali domin 'yan koyo da masu nishaɗi a gida aka ƙera su.

Idan muka tsaya a nan, sai a ɗauka cewa amsar ta fito, kowa ya je ya sayi duk abin da ya fi araha. Amma a nan ne ya kamata mu yi hattara. Kuntigin Ɗan Maraya ba shi da tsada, gaskiya ne, amma wanda ya san sirrinsa ne yake haɗa shi, kuma idan tsarkiyar ta saki, mai shi zai ɗaure ta nan take, idan fatar ta fashe a sake wata. Jita ba haka take ba. Tsarkiya 6 gare ta, kuma a wuyanta akwai 'yan ƙarafa kusan 20 da aka dasa a gicciye tun daga masana'anta, kowanne yana da muhallinsa na lissafi. Idan aka dasa ɗaya a inda bai kamata ba, muryar da za ta fito daga nan ta karkace ke nan, kuma ɗan koyo ba shi da yadda zai yi da ita. Fiyano ma haka, abin da ke cikinsa na lantarki ne, ba a gyara shi da wuƙa da zare. Ashe ke nan arahar kuntigi daban, arahar kayan masana'anta daban.

A fahimtarmu, kayan da ake kira masu araha a kasuwanninmu sun kasu kashi uku, kuma rashin rarrabe su shi ne ke jawo yawancin asarar da ake yi.

Kashi na farko su ne ƙananan kayan sanannun kamfanoni, watau waɗanda aka ƙera musamman domin mai ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Yamaha na Japan, wanda asalinsa ya faro tun 1887, yana da jita irin su C40 da F310 da fiyano jerin PSR. Casio ya fara fitar da fiyanonsa na Casiotone a 1980. Kamfanin Fender na Amurka yana sayar da jita masu sauƙin kuɗi da sunan Squier tun 1982, Gibson kuma ya sayi Epiphone a 1957 ya mai da shi reshen da ke biyan wannan bukata. Yadda suke rage kuɗin ba ɓoyayye ba ne. Ana ƙera kayan a ƙasashen da ladan ma'aikata bai kai na Japan ko Amurka ba, kamar Sin da Indunisiya da Indiya. Ana amfani da katako mai falle-falle da aka manne a maimakon tsantsan icce guda. Ana rage ado da aikin hannu na ƙarshe. Amma ma'aunin bai canja ba, domin injin da kwamfuta ke sarrafawa shi ke yanka gurbin ƙarafan wuyan jita, kuma kamfanin yana da sunan da yake tsoron ɓatawa. Irin waɗannan lalle sun isa ɗan koyo shekara biyu ko uku, wani ma har ya fara neman abinci da su.

Kashi na biyu su ne na jabu, waɗanda aka manna musu sunan babban kamfani alhali bai san da su ba, ko kuma aka sauya harafi ɗaya a sunan domin a ruɗi mai saye. Kashi na uku kuwa kayan wasan yara ne da aka yi musu siffar kayan kiɗa: fiyano mai ƙananan madannai da fitilu masu walƙiya, jita mai fenti mai sheƙi wadda kunnuwanta ba sa riƙe tsarkiya. Waɗannan kashi biyu su ne Bahaushe yake nufi da ya ce araha ba ta ado. A tsakanin kashi na farko da waɗannan akwai ƙananan kamfanoni da sunansu bai yi nisa ba, wasu kayansu na kirki ne, wasu ba haka ba, har ma akan sami jita biyu daga kwali ɗaya, ɗaya lafiyayya ɗaya karkatacciya. Su kam sai an gwada akan san na ƙwarai.

Me ya sa muka matsa a kan wannan rarrabewa? Domin mugun abin kiɗa ya fi cutar da ɗan koyo fiye da gwani. Gwani ya san yadda muryar gaskiya take, idan abin ya yi masa ƙarya zai gane ya kauce. Ɗan koyo kuwa abin da ke hannunsa shi ne malaminsa na biyu. Idan jitar ba ta riƙe ɗauri, kunnensa zai saba da karkatacciyar murya har ya ɗauke ta daidai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan tsarkiyar ta yi nisa da wuya, yatsunsa za su yi ta ciwo sautin kuma bai fito ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, ya rataye ta a ƙusa. Mun ga haka a ɗakunan kwananmu, mun kuma gan shi a gida. Wani sabon malamin firamare daga yankinmu ya ga hoton fiyano a waya, ya tura kusan albashinsa na wata ga wani mai shago a birni, aka aiko masa a mota. Da ya buɗe kwali sai ya tarar madannan ba su kai faɗin yatsa ba, uku daga cikinsu ma ba sa magana. Mai shagon ya daina ɗaukar waya. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kuɗin da ya tafi abin baƙin ciki ne, amma abin da ya fi shi shi ne malamin ya bar koyon, ɗaliban da ya yi niyyar koya wa su ma sun rasa.

To, yaya ake gane na kirki? Ba ya bukatar digiri, natsuwa kawai yake bukata da ɗan lokaci a cikin shago.

Idan jita ce, a fara da ɗauri. Akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna ko tsarkiya ta hau daidai, bisa ma'aunin da duniya ta amince da shi na girgiza 440 a daƙiƙa guda. A ɗaure duka shida, a kaɗa na minti goma, a sake dubawa. Sabuwar tsarkiya takan ɗan saki, wannan ba laifi ba ne, amma idan kunnen da kansa yana sulluɓewa, a ajiye ta. Sannan a kaɗa tsarkiya a sake, a kuma danne ta a ƙarfe na 12 a sake kaɗawa. Muryar ta biyu dole ta zama ita ce ta farko, sai dai ta fi ta siranta. Idan sun saɓa sosai, lissafin wuyan ko na mazaunin tsarkiya ya kuskure. A wannan ƙarfe na 12 ɗin ne kuma ake duba tazarar tsarkiya da wuya: a jita mai tsarkiyar ƙarfe bai kamata ta wuce milimita 3 da yawa ba. Daga nan a ɗaga ta a hango wuyan daga sama zuwa ƙasa kamar mai duba miƙewar sanda, a kuma shafa gefensa a ji ko bakin ƙarafan yana yankar hannu.

Idan fiyano ne, a nemi mai madannai 61 masu cikakken faɗi, domin wanda ya saba da ƙananan madannai zai sha wuya ranar da ya zauna gaban babba mai 88. A danna kowanne ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kada a ji kunyar mai shago. In da hali a zaɓi wanda yake bambanta dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi, domin da wannan ne hannu yake koyon tausasawa. Mu mutanen karkara akwai ƙarin abu biyu. Na farko, a tabbata yana aiki da batir, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas a garuruwanmu. Na biyu, idan na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka ko Japan, a duba adaftarsa, domin wutarsu tsakanin 100 ne da 120, tamu kuwa 230, kuma sakawa ɗaya ta isa ta ƙone shi.

A kowane hali a duba rubutun sunan kamfani harafi bayan harafi, a nemi lambar da aka buga a jikin kayan, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da sharaɗin mayarwa. Sama da duka, a tafi da wanda ya iya. Kuɗin motarsa da abincinsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da zai hana ba. Sau da yawa ma na hannu daga sanannen kamfani, idan gwani ya gwada shi, ya fi sabo dal wanda ba a san asalinsa ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da yanayin ƙasarmu, wanda a cikinsa araha ta fi tsada dacewa da mu. Masu ƙera jita suna son a ajiye ta a inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu a ƙasar Katsina laima takan faɗi ƙasa da haka nesa. Tsantsan iccen da ake yin jita mai tsada da shi yakan ƙanƙance ya tsage a irin wannan bushewa, amma katako mai falle-falle na jita mai araha ya fi jurewa, domin an gicciya zaren kowane falle a kan na ƙasansa. Saboda haka wanda ya sayi ƙaramar jitar kirki a Kusada kada ya ji ya ƙasƙanta. Ya dai ajiye ta cikin jakarta, ya nisanta ta da rana da bayan mota, fiyano kuma ya rufe shi da zane saboda ƙura.

Yanzu sai mu juya ga 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, da mu da za mu bi sahunsu. Kowace shekara, kafin ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 'yancin kai ta 1 ga Oktoba, makarantu sukan tashi neman ganguna da bigila domin maci. Kayan busa na tagulla su ne araha ta fi yi wa illa, domin ƙarfen na banza laushi gare shi, yana lotsewa, madannansa suna maƙalewa, kuma da wuya a sami mai gyara a kusa. Jami'in da ya sa hannu aka sayo 20 na banza domin takarda ta nuna yawa, bayan zango ɗaya zai tarar da su jibge a sito. Da ya sayo 6 na kirki, da ƙannen waɗannan yara ma sun gaje su. Kuɗin jama'a ne, kuma yaran talakawa ne za su busa. Kafin a sa hannu, a kira malamin da zai koyar da su ya gwada kowanne a gaban ɗan kwangila.

Daga ƙarshe, kada mu manta da arahar da ke ƙofar gidanmu. Kalangu da gurmi da garaya da kukuma da goge da sarewa duk da abin da ƙasarmu ke fitarwa ake yin su: iccen alilliba, ƙwarya, fatar akuya, fatar guza, izgar doki, ƙaro. Canjin dala bai shafe su kai tsaye ba, ba sa bukatar batir, kuma wanda ya yi su yana nan a raye, ana iya komawa gare shi idan fata ta fashe. Sau da yawa ma shi ne zai zama malamin farko. Amma su ma sai an lura, domin akwai waɗanda ake yi domin ado, a sayar wa baƙi su rataye a bango, ba domin kiɗa ba. A saya daga wanda makaɗa suke saye a wurinsa. A littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, bayan binciken da suka yi a Zariya da Katsina, an jera kayan kiɗa masu yawan gaske, waɗanda da yawa daga cikinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Idan ɗalibai masu ilimin zamani ba su saya sun koya ba, masu ƙera su za su koma wata sana'ar, kuma idan sun tafi da saninsu babu kamfanin waje da zai ƙera mana kotso ko taushi.

Shugaban taro, amsarmu ita ce: i, kayan kiɗa masu araha suna amfanin ɗan koyo, in dai sun cika sharaɗi uku. Su riƙe murya daidai, kada su wahalar da hannu, kuma a iya gyara su ko a sami kayan gyaransu a inda mai su yake zaune. Wanda ya cika waɗannan, ko da gwangwanin kifi aka yi shi, ya isa a fara da shi. Wanda bai cika su ba, ko kyauta aka ba ka ya yi tsada. Muna roƙon 'yan'uwa da suka iya kiɗa a cikinmu su riƙa raka sababbi kasuwa, waɗanda kuma za su koma gida hutu su nemi tsofaffin makaɗan garuruwansu su zauna gabansu tun suna da rai.